Zangon Adis Ababa: Ayarin Da Ba Shi Da Madugu

A wata tafiya da na yi kwanakin baya zuwa wani taron masana, jirginmu ya tashi daga Kano da rana, muka sauka da daddare a filin jirgin sama na Bole da ke Adis Ababa, inda zan canja jirgi. Ina zaune kusa da ƙofar da zan shiga sai na hangi wani dattijo cikin babbar riga, carbi a hannu, yana miƙa wa ma'aikaciya katin shiga jirginsa, ita kuma tana girgiza kai. Na matsa na yi masa sallama. Ashe ɗan kasuwa ne, Dubai za shi, kuma bai taɓa yin tafiyar da ake canja jirgi a hanya ba. Jirginsa ya tashi minti 40 da suka wuce. Ya nuna mini agogon hannunsa yana rantsuwa cewa da sauran fiye da awa guda. Agogon bai yi ƙarya ba, lokacin Kano yake nunawa, ita kuwa Adis Ababa tana gaban Najeriya da awa 2.

Dattijon nan bai yi sakaci irin wanda muka saba zargin matafiya da shi ba. Ya sauka, ya nemi wurin salla ya yi, ya ci abinci, ya zaga kantin turare don rage lokaci. An kira sunansa a lasifika, amma da lafazin da bai gane nasa ba ne. A kan kujera ya kwana, kuma kuɗin da ya biya aka gyara masa tikiti daga cikin jarinsa suka fito. Da na tambaye shi ko wanda ya sayar masa da tikitin bai faɗa masa bambancin lokaci ba, sai ya ce abin da kawai ya ce masa shi ne, "Alhaji, in ka sauka ka bi mutane."

Mai karatu, wannan jumla ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan mako. Kakanninmu sun san zango tun kafin a ƙera jirgi. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, da mahajjatan da ke ratsa Chadi da Sudan zuwa Sawakin, ba wanda yake tafiya da ka. Ayari yana da madugu, yana da jagaba, a kowane zango kuma akwai mai masauki da zai nuna wa baƙo rijiya da kasuwa. Kano kanta zango ce a tarihin jiragen sama: a nan jiragen farko da suka zo ƙasar nan suka sauka a 1925, daga baya kuma jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka a nan suke tsayawa shan mai. Yau mu ne muke yada zango a Adis Ababa da Alƙahira da Doha da Istambul, sai dai ayarin namu ba shi da madugu. Mutum 200 za su fito daga jirgi ɗaya, kowa da inda ya nufa: wannan Jidda, wancan Mumbai, wancan Guangzhou. Wanda ya bi mutane a irin wannan wuri, jirgin wani za su kai shi.

Abu na farko da matafiyi zai riƙe shi ne, duk lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin garin da jirgin zai tashi ko zai sauka ne. Saudiyya da Habasha suna gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Sin da awa 7. Da ka sauka, ka gyara agogonka da na tashar. A Habasha ma akwai ƙarin tarko, domin mutanen ƙasar a harkarsu ta yau da kullum daga wayewar gari suke fara ƙirga awoyi, abin da muke kira ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a wurinsu. Saboda haka allon tashar ne alƙali. Sannan a katin shiga jirgi akwai lokacin fara shiga, wanda ya riga lokacin tashi, kuma akan rufe ƙofa kamar minti 15 zuwa 20 kafin jirgi ya motsa. A gida mukan ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, amma a ƙofar jirgi wannan karin magana ba ta da kasuwa. In an rufe, an rufe, ko nawa ne a aljihunka.

Na biyu, ka nemi ƙofarka kafin ka nemi komai. Ka haddace lambar jirginka, domin birni ɗaya kan samu jirage 2 ko 3 a dare guda, kuma lambar ce take bambanta su. Ka dube ta a allo, ka taka har ka ga ƙofar da idonka, ka auna nisanta, sannan ka koma ka yi salla ka ci abinci. Akan canja ƙofa ba tare da an zo an faɗa wa kowa a kunne ba, don haka a riƙa waiwayar allo. Mai wucewa ba ya bin layin masu shiga gari inda jami'an shige da fice suke, akwai hanyarsa daban, kuma galibi sai an sake binciken jakarsa. A nan ne ake karɓe ruwa da man shafawa da turaren da kwalbarsa ta wuce mililita 100, ƙa'idar da ta samo asali tun 2006. Na sha ganin hajiya tana hawaye a kan kwalbar humra da aka jefa a kwandon shara, alhali da ta sa ta a babban akwati da ba abin da zai same ta.

Sai batun kantuna. Ya kamata mu gane cewa tashar jirgin sama ta zamani kasuwa ce, kuma kuɗin hayar shaguna da cinikinsu babban ɓangare ne na abin da take samu. Shi ya sa a wurare da yawa ba ka isa ƙofarka sai ka ratsa tsakiyar turare da agoguna da alewa. Kantin da ba a biyan haraji an fara shi ne a filin jirgin Shannon na ƙasar Ireland a 1947, na Dubai kuma ya buɗe a 1983. Cire haraji bai hana mai kanti ɗora ribarsa da kuɗin hayarsa ba. Wanda bai san farashin abu a gari ba, ba shi da ma'aunin da zai gane ko ya yi arha. In da kati za ka biya, na'ura ta ba ka zaɓi, kuɗin ƙasar da kake ciki ya fi sauƙi, domin canjin da na'urar take yi da kanta yakan fi tsada. Kuma in da sauran canjin jirgi a gabanka, ka tabbata an rufe maka turaren da ka saya a ledarsu ta musamman da rasit a ciki.

Abinci ma haka. Farashinsa ya fi na gari, kuma ba laifi ba ne mutum ya tambayi irin naman da za a ba shi kafin ya biya. Shi kuwa falon hutu, inda ake samun kujera mai laushi da abinci da intanet, wani lokaci har da wurin wanka, ba na manya kaɗai ba ne kamar yadda muke zato. Masu tikitin babban aji suna shiga, haka masu katin yawan tafiya, wasu kuma ana biya a shiga. Ga mai jiran awa 6 ko 7 yana iya zama riba, ga mai awa 2 kuwa asara ce, har da haɗari, domin ba kowane falo ake sanar da tashin jirgi ba. In jiran ya kai awa 8, ka tambayi teburin masu wucewa ko ka cancanci masauki, domin wasu kamfanoni suna bayarwa bisa sharuɗɗa. Ka kuma riƙe rigar sanyi a jakar hannu, Adis Ababa tana kan tudun da ya haura mita 2,300, darenta ba irin na Kano ba ne.

Akwai abin da ake yanke hukuncinsa tun a gida, wato irin tikitin da ka saya. In tafiyar duka a tikiti ɗaya take, jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kamfanin ne zai nema maka wani. In kuwa an haɗa maka tikiti 2 daban don neman sauƙi, asarar taka ce, kuma mai yiwuwa sai ka karɓi kayanka ka sake aunawa, abin da kan buƙaci bizar shiga ƙasar. Arha ba ta ado. Ka adana 'yar takardar shaidar kayan da aka liƙa maka, ka ƙirga ko ta yi daidai da yawan akwatunanka. Ba mu manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya ba saboda jakar ƙwayoyin da wasu suka sa wa sunanta ba da saninta ba, sai a 2019 aka wanke ta. Kada kunya ta sa ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba.

To, wa zai zama madugu? Na farko masu sayar da tikiti. Wanda ya ci riba a kan tafiyar dattijo, haƙƙi ne a kansa ya ba shi takarda ɗaya da Hausa, ko da ajami, mai ɗauke da lambar jirgi, da bambancin lokaci, da abin da zai yi in ya sauka. In tsoho ne ko marar lafiya, a nema masa keken taimako tun wajen sayen tikiti, ma'aikata za su kai shi har ƙofa. Na biyu 'ya'ya, waɗanda suke raka iyaye tasha da addu'a amma ba su zauna sun karanta musu tikitin ba. Na uku mu da muka yi boko, masu toshe kunne da waya mu wuce ɗan'uwa yana juya kati a hannu. Ni kaina na ga dattijon nan tun a cikin jirgi, kujera 2 ce tsakaninmu. Da na tambaye shi inda za shi a lokacin, da bai kwana a kan kujera ba. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma sai ya samu wanda zai tsaya ya amsa masa.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.