Kuɗin tiyata mun iya haɗawa, na jinya fa?

Duk sanda aka ce wani ɗan'uwanmu yana kwance za a yi masa aiki, mu ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Legas ba ma wasa. Kafin magariba an zagaya da lambar asusu, mai dubu ɗaya ya tura, mai ɗari biyar ya tura, wanda aljihunsa ya bushe ya yi addu'a. Hali ne mai kyau, Allah ya bar mu da shi. Amma taimakon namu yana da inda yake tsayawa. Da zarar an ce an fito da shi, aiki ya yi kyau, sai kowa ya ce alhamdulillahi, shi ke nan an rufe zancen. Alhali ga mutumin da ke cin abinci da ƙarfin jikinsa, ranar da aka sallame shi daga asibiti ce ranar da babbar matsalarsa take farawa.

Ina magana ne a kan 'yan ga-ruwa da 'yan dako da leburorin gini, waɗanda rayuwar ɗalibi a Akoka da Bariga ba ta tafiya sai da su. Duk wanda ya kama ɗaki a wajen makaranta ya san abin da nake nufi. An ɗauke wuta kwana biyu, inji bai tura ruwa sama ba, ga lakca ƙarfe takwas na safe. Wa ake kira? Mai ruwa. Har maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo da sunan nan suke ƙwala masa kira.

Mu ɗan yi lissafi. Jarka mai lita 25 idan ta cika kilo 25 ce, ban da nauyin robar. Kurar da aka jera wa jarka goma tana ɗauke da kilo 250, nauyin buhun siminti biyar ke nan, a kan titin da rabinsa rami ne. In ya iso ƙofar gida kuma sai ya kama jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, ya hau bene hawa biyu ko uku. Buhun siminti guda cif yake hawa da shi, kuma ba sau ɗaya ba a yini.

To irin wannan mutumin ne ake yi wa aikin ƙaba, wasu su ce gwaiwa. Abin da ke faruwa shi ne wani wuri a bangon ciki, galibi wajen matsematsi, yana yin rauni, sai hanji ya riƙa turowa ta nan. Tari mai yawa, yunƙuri da ɗaukar nauyi duk suna ƙara turo shi. Ba a shan magani ya toshe, sai an ɗinke, wani lokaci a shimfiɗa 'yar raga ta musamman don ta ƙarfafa wurin. Inda mutane ke ruɗuwa shi ne fatar waje takan haɗe cikin kwana goma zuwa mako biyu, a cire zare, mutum ya duba ya ga ya warke. Amma naman ciki bai san da wannan saurin ba. A mako na uku ƙarfin wurin da aka ɗinke bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba, sai wajen wata uku yake kaiwa kusan kashi 80, kuma tabo ba ya taɓa komawa ƙarfin nama na asali. Shi ya sa likitoci kan ce a guji ɗaga abu mai nauyi na mako huɗu zuwa shida, in kuma babban aiki ne da aka buɗe ciki, ya fi haka.

A zangon karatun da ya wuce aka yi wa dattijon da ke kawo ruwa layinmu wannan aikin. Mu da wasu 'yan kasuwa muka haɗa kuɗin. Ba a cika mako biyu ba na ci karo da shi a bakin famfo, ya ɗaure cikinsa tamau da tsohon rawani, yana jera jarkoki. Na ce, "Haba Baba, ba an ce ka huta ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, likita ya ce mako shida, gaskiyarsa. Amma bai faɗa mini wanda zai aika wa yara na cefane ba. Kuma mai kurar nan ya ce in ban dawo ba zai ba wani."

Na kawo maganarsa ne saboda abin da nake ji daga bakin wasunmu, har da masu digiri na biyu: wai jahilci ne, ba sa jin maganar likita. Ban yarda ba. Bawan Allahn nan ya haddace umarnin likita fiye da yadda wasunmu suka haddace taken binciken da suke rubutawa. Abin da ba shi da shi kawai shi ne kwana 42 na abinci. Kurar haya ce. Ruwan saya yake yi wajen mai rijiyar burtsatse kafin ya sayar. Gidajen da yake kai wa kuma ba su da haƙurin mako shida, in ya yi kwana uku bai zo ba wani ya gaje layin, kuma ba mugunta ba ce, shi ma wancan nema ya kawo shi Ikko.

Ku kwatanta da mu. Ɗalibi in aka cire masa afendis yana da takardar asibiti da zai kai sashensu, a ɗaga masa gwaji, in abin ya yi tsanani ya jingine zangon gaba ɗaya. Akwai ma tsarin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu, TISHIP, duk da ƙorafin da muke yi a kansa. Abokan ɗaki su ɗaukar masa bokiti, mama ta kira sau biyar a rana. Shi wanda ya kawo ruwan da ke cikin bokitin, me yake da shi?

A takarda akwai dokoki. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da albashinsa, in likita ya tabbatar. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF saboda wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a dalilin aiki. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar NHIA da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Amma biyun farko suna magana ne da mai ubangida da takardar albashi. Ta ukun kuwa, ko da ta iso gare shi, kuɗin magani take biya, ba ta biyan yinin da bai fita ba. Kwana 12 ɗin ma ina suka kai mako shida? Ku tambayi matan da ke share mana ajujuwa da ɗakunan kwana a ƙarƙashin 'yan kwangila, wadda aka yi wa tiyatar haihuwa yaushe take komawa ɗaukar bokiti da sunkuyo.

Akwai kuma namu laifin na al'ada, wannan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Mun taso ana ce mana namiji ba ya raki. Wanda ya koma aiki da ɗanyen ɗinki shi ake yaba wa, a ce wane ƙarfe ne. Wasu har tiramol suke haɗiya don su iya fita. Ƙwaya kuwa zafin kawai take ɓoyewa, ɗinkin yana nan yadda yake, kuma zafin nan shi ne ɗan saƙon da ke cewa ka ajiye jarkar. In ƙabar ta dawo, aiki na biyu ya fi na farko wahala, ga sabon kuɗi, ga sabon zama. In kuwa hanji ya maƙale ya shaƙe, maganar rai ake yi cikin sa'o'i. Duk wanda aka yi wa aiki ya ga wurin ya kumbura ya yi tauri, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi, ko amai da rashin bayan gida, don Allah kada ya tsaya a kemis, ya wuce asibiti.

Ba kuma cewa nake a kwantar da mutum a tabarma mako shida ba. Likitoci da kansu suna so a tashi a riƙa takawa tun kwanakin farko, kuma aiki mara nauyi ana iya komawa bayan mako ɗaya ko biyu. A nan ne nake ganin mafita take, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba. Sana'ar ruwa ba duka ce ɗauka ba. Akwai tsayawa a famfo a cika jarka, akwai karɓar kuɗi, akwai sanin wane gida ne ke son nawa. In 'yan'uwansa na layi suka yarda wani yaro ya tura kurar ya hau benen, a raba abin da aka samu, gidajensa ba su kuɓuce ba, kurar ba ta koma hannun wani ba. Irin wannan yarjejeniya tana buƙatar mai faɗa a ji ya tsaya a kai, shugaban 'yan ga-ruwan unguwa, ko limami, ko fadar Sarkin Hausawa. Iyayenmu sun san gayya, sun san yadda ake nome gonar mara lafiya kafin ya tashi. Ba sabon abu nake kawowa ba.

Su ma masu shirya tiyata kyauta, ƙungiyoyi da 'yan siyasa, Allah ya saka musu, amma adadin waɗanda aka yi wa aiki ake sanarwa, a ɗauki hoto a watse. Ina ma a ce kowane lebura yana fita da buhun shinkafa ko masara na wata guda tare da maganinsa. Ina ma kafin a rubuta masa "ka guji ɗaukar nauyi" a tambaye shi sana'arsa, a yi masa bayani da harshen da yake ji, don da yawa daga cikin mutanenmu a nan da kai kawai suke amsa wa likita.

Na san abin da wani zai ce: mu ma ɗalibai ne, kuɗin makaranta ya tashi, haya ta tashi, da kyar muke kai ƙarshen wata. Gaskiya ne, ni ma a cikin wannan kwale-kwalen nake. Amma mu ƙaddara mutum yana buƙatar naira 3,000 a rana don ya ci ya aika gida. Kwana 42 ya kama 126,000. In mutum 60 suka raba, kowa 2,100 ne, a cikin mako shida, kuɗin data na 'yan kwanaki. Kuma akwai abin da bai kai haka tsada ba: in ka san an yi wa mai kawo maka ruwa aiki, ka ce ya tsaya a ƙasa, ka sauko da bokitinka. Kada ka canza shi don ya yi jinkiri. In da hali ka biya shi na mako biyu gaba.

Shawarar da zan kai wa shugabannin ƙungiyarmu a zaman da ke tafe ita ce, daga yanzu duk sanarwar neman taimakon tiyata ta zo da layi biyu, kuɗin asibiti da kuɗin zaman jinya, kuma kada a rufe asusun sai na biyun ya cika. 'Yan'uwa da ke karanta likitanci a Idi-Araba, muna buƙatar mutum biyu ko uku da za su zauna da 'yan ga-ruwan Bariga wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su yi musu bayanin ɗinkin ciki da Hausa. Wurin zama da tabarmi ni zan nema.