Wasiƙa Zuwa Ga Masu Tukwanen Turare Na Ɗa'ifa Da Kannauj



Wannan takarda ta taso ne daga ƙasar masu saye. Daga Kano zuwa Maiduguri, daga Damagaram zuwa zangon Kumasi, da wuya a kai amarya ɗakinta babu humra, da wuya dattijo ya nufi masallacin Juma'a bai shafa turare ba, jakar alhaji kuwa ba ta amsa sunan tsaraba sai da 'yar kwalbar wardi ko ta udu a ciki. Waɗanda suka daɗe suna biya haka sun samu bakin magana. Maganar kuma ta shafi masu ƙananan gidajen tatsa ne, waɗanda har yau da itace da tururi da tukunyar tagulla suke fitar da ƙamshi.

A fara da jinjina, don sun cancance ta. A tsaunukan Hada da Shafa da ke kewaye da Ɗa'ifa, wardi kan yi fure ne tsakanin Maris da Afrilu, 'yan makonni kacal a shekara. Tun asuba ake tsinkarsa, domin da rana ta ɗaga sai man da ke jikin furen ya soma bin iska. Kafin hantsi ya dubi ludayi an kai shi gidan tatsa, an zuba a tukunya da ruwa, an rufe, an hura wuta. Tururi ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi, ya riƙa ɗiga a babbar kwalba, ɗan man ya taso sama a tsame shi. Sai an dafa fure sama da 10,000 kafin a samu tola ɗaya, wato abin da bai kai giram 12 ba. A Bulgeriya ma lissafin bai fi sauƙi ba: kilo 3,000 zuwa 4,000 na fure ke ba da kilo ɗaya na mai. Ruwan wardi na cikin abin da ake haɗawa da zamzam a wanke cikin Ka'aba, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adun wardin Ɗa'ifa cikin jerin gadon al'ummar duniya.

Na Kannauj, a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, tasu hanyar daban ce. Bakin tukunya da yumɓu ake liƙe shi, bututun na gora ne, kuma tururin ba a kwalba yake sauka ba, a wata tukunyar tagulla mai dogon wuya yake sauka, wadda aka nutsar a ruwa bayan an zuba mata man sandal. Man sandal ɗin ne ke kama ƙamshin ya riƙe. Kullum a sake sabon fure a kan mai ɗaya, kwanaki ana yi, har ya ƙoshi. Daga nan a juye a tandun fata a shanya, sauran danshin ya fice ta jikin fatar. Mai kula da wuta ba shi da agogo ko ma'aunin zafi. Da tafin hannu yake taɓa tukunya, da kunne yake sauraron tafasa. Har gasasshen yumɓu suke dafawa su tatsi ƙamshinsa, kuma duk wanda ya taɓa shaƙar ƙasa a ranar da ruwan farko ya sauka bayan bazara ya san abin da ke cikin wannan kwalba. Babu digon barasa a irin wannan turare, abin da ya sa ya samu karɓuwa a gidajen Musulmi tun fil azal.

To, ina gizo ke saƙa?

Itacen sandal ya yi ƙaranci, ya yi tsada, gidajen tatsa da yawa sun koma zuba man farafin ko wani sinadarin masana'anta mai suna DOP a madadinsa. Kaso mai tsoka na abin da Kannauj ke tatsa yanzu kamfanonin taba da kayan tauna ne ke kwashewa, su kuwa arha suke nema. Canza mai ba laifi ba ne. Kowa ya san halin kasuwa. Laifin shi ne a canza a yi shiru, a bar kalmar sandal a jikin kwalba. Mai humra a Maiduguri da ta sayi irin wannan ta haɗa da farce da sauran kayanta, idan ƙamshin ya gudu bayan 'yan makonni, ita amarya za ta zaga, ita kuma ta zagi ɗan kasuwa, a ƙarshe sunan garin da aka rubuta a kwalbar ne ke zubewa. Indiya ta yi wa turaren Kannauj rajistar asalin wuri, akwai kuma cibiyar bunƙasa ƙamshi da gwamnati ta kafa a garin tun 1991, amma takardar hukuma ba ta shiga cikin kwalba ta faɗi abin da aka zuba.

A nan akwai darasi a inda ba a zata ba. Masu tatsar wuski a Sukotland, waɗanda tukunyarsu 'yar uwar wannan ce ko da yake abin da ke fita daga cikinta ba na gidan Musulmi ba ne, doka ta ɗaure su: sai abin ya shekara uku a gangar katako kafin ya ci sunansa, idan kuma aka rubuta shekaru a kwalba, to na mafi ƙanƙanta a cikin haɗin za a rubuta. Ƙananan gidajensu har lambar ganga da shekarar tatsa suke sawa, kuma da wannan suke sayarwa da tsada fiye da manyan kamfanoni. Mai tukunyar turare ya kwaikwayi wannan kawai. Ya rubuta sunan gona ko ƙauye, shekarar da aka tsinki furen, da irin man da aka ɗora ƙamshin a kai. In farafin ne, ya ce farafin ne, ya sa masa kuɗinsa. Mai kuɗin sandal zai nemi sandal.

Haka batun ruwan wardi. Akwai wani sinadari a furen, mai ɗauke da kaso babba na ƙamshin da hanci ya sani, wanda ya fi son zama a ruwa da ya bi mai. Shi ya sa ruwan da ya fara ɗiga yake da daraja, na ƙarshe kuma yake da rauni. Masu tatsa sun san bambancin sarai, har suna suka raba musu, amma mai saye a Kano kwalba ɗaya yake gani, kusa da wata da aka cika da ruwan famfo da ƙamshin roba. A rubuta masa wanne ne na fari, wanne ne na baya.

Kuma a riƙa yi wa mai saye bayani. Man wardi na gaske yakan daskare idan wuri ya yi sanyi, saboda wani kakin da ke cikinsa. Ɗumin hannu kaɗai ke narkar da shi. Wanda bai sani ba, in ya buɗe akwati da hunturu ya tarar da turarensa ya kama jikinsa, sai ya ɗauka an cuce shi, alhali wanda aka tsawaita da man jiraniyum ko wani mai arha ne ya fi zama garau. Layi biyu a jikin kwali sun isa su raba wannan gardama.

Gasar farashi da masana'anta kuwa ɓata lokaci ne. Kamfani na haɗa ƙamshin wardi a ganga ba tare da ya taɓa fure ba. Mai tukunya ya sayar a ƙananan kwalabe, rubu'in tola ko ƙasa da haka, yadda malamin makaranta ma zai iya ɗanɗanawa. Ya kuma kyautata wa masu tsinka, don mai tsinkar da aka ƙware shi ba zai damu da zuba furen da rana ta riga ta daka ba.

Saura 'yan gida. Matasa da yawa a Arewa sun shiga sana'ar turare, amma akasari sayen mai suke daga Dubai su sirka su zuba a kwalba. Ba a hana ba, sai dai wannan dillanci ne. Jema da ke fitowa a fadamu 'yar uwar ciyawar da Kannauj ke tatsar saiwarta ce, kajijin da ake dakawa a turaren wuta kuma dangin wata saiwar ce da su ma suke dafawa. Mai son gwadawa ya nemi ƙaramar tukunya ɗaya, ya wanke saiwar ya jiƙa ta kafin dafawa, ya sa haƙuri domin saiwa ta fi fure jinkirin sakin mai nesa ba kusa ba. Ya ajiye littafin da zai riƙa rubuta nauyin abin da ya zuba, awannin wuta da yawan man da ya fita a kowace dahuwa, kuma kafin kwalba ta farko ta shiga kasuwa ya kai samfuri NAFDAC a yi masa rajista.

Wassalam.