Yawon Salla da Amanar Yara

Kashegarin ƙaramar Salla muka kai yara gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959. Jama'a maƙil, babu masaka tsinke. Muna cikin kallon dorina sai muka nemi autarmu muka rasa. Sai gab da la'asar muka same ta tana kuka kusa da itacen Tenere da ake ajiye da shi a can. Laifinmu ne: uba ya zaci tana hannun uwa, uwa ta zaci tana hannun uba. Yara amana ne. Kafin a shiga taro, kowane babba ya san yaron da ke hannunsa, a kuma sa wa ƙanana lambar tarho a aljihu. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.