Bodo da Hakkin Mai Biya: Darasin Agadas

Ruwa ba ya tsami banza. Sau biyu cikin shekarun baya ƴan Nijar suka fito bisa titi saboda bodo. Cikin watan Maris na 2005, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya tsai da kasuwanni, bayan an aza harajin kashi 19 cikin ɗari bisa fulawa, madara, sukari, ruwa da lantarki. Cikin Afrilu gwamnati ta sassauta. Haka kuma aka tashi bisa dokar kasafin kuɗi ta 2018, wadda ta kawo harajin gida. Aka kama Musa Cangari, Ali Idrisa da Nuhu Arzika cikin Maris, sai Yuli aka sake su.

Kowane ɓangare da hujjarsa. Hukuma ta ce ba a gina lakwal da likita, ba a tsaron iyaka, sai da kuɗin ƴan ƙasa. Wannan gaskiya ne. Masu zanga-zanga suka ce harajin abinci talaka yake dannewa, domin kuɗin sukari ɗaya ne ga attajiri da lebura. Wannan ma gaskiya ne. Balle a Agadas, mai nisan fiye da kilomita 900 daga Yamai, inda kuɗin mota ya riga ya tsadada kaya.

Amma Agadas tana da tambaya ta uku: ina kuɗin suke komawa? Tun 1971 aka fara haƙar uraniyom a Arlit. Albarkacinsa ne Saini Kunce ya soke bodon kai a ƙarshen shekarun 1970, ƙasa duka ta huta. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai domin gundumomin jihar da aka haƙo su, amma magadan gari sun sha kukan jinkirin biya. Hanyar Tawa zuwa Arlit ta yi shekaru a lalace, kuma a 2021 aka rufe mahaƙar COMINAK.

Saboda haka, maganin gardama shi ne lissafi a fili. Kowace shekara a karanta wa jama'a, da Hausa da Tamashek, abin da aka karɓa, abin da Yamai ta maido, da aikin da aka yi. Wanda ya ga rijiya a garinsa ba ya gudun mai karɓar bodo. Gani ya kori ji.