Ba Mayunwata Aka Binne a Kibrot-hatta'awa Ba

Akwai masu wa'azin da, da zarar talakawa sun koka da tsadar abinci, sai su buɗe Littafin Ƙidaya sura ta 11 su yi musu barazana: Isra'ilawa sun yi gunaguni a jeji, annoba ta auka musu, saboda haka kowa ya kama bakinsa. Wannan karatu cin amanar nassi ne, kuma zalunci ne ga mai jin yunwa.

Sau biyu Attaura ta kawo labarin makware. A Fitowa sura ta 16, jama'a sun yi kukan yunwa wata guda bayan barin Masar. Allah ya aiko musu da makware da yamma, manna da safe, ba a hukunta kowa saboda kukan ba. Iyaka ɗaya aka gindaya: kowane mutum ya ɗebi omer guda a rana, abin da aka ɓoye kuwa ya yi tsutsa.

A Ƙidaya 11 babu yunwa, manna na sauka kowane dare tare da raɓa. Nama suke so. Suka shiga begen kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa, har suna cewa kyauta suke cin kifin. Kyauta, a ƙasar da aka jefa 'ya'yansu maza a kogin Nilu! (Mai karatun Alƙur'ani zai tuna da makamancin wannan roƙo a Baƙara aya ta 61.)

Sai iska ta koro makware daga teku. Suka wuni suna tarawa, suka kwana, suka sake wuni. Wanda ya tara mafi ƙaranci ya kwashi homer 10. A nan masu wa'azin kan yi tsallake, domin lissafin ba ya yi musu daɗi. Homer ɗaya omer 100 ne. Wato mafi kamun kai a cikinsu ya jibge mudun kwana 1,000, na naman da aka ce musu na wata ɗaya ne. Naman na tsakanin haƙoransu annoba ta faɗa musu, aka sa wa wurin suna kaburburan kwaɗayi.

Wanda ya yi kama da mutanen nan shi ne mai rumbun da ya kulle hatsi yana jiran farashi ya hau. Sau da yawa yana zaune a sahun gaba lokacin da ake karanta surar, yana gyaɗa kai, mai wa'azi kuwa na kallon na baya.