Kafin a ce kwayil ya ƙone

Lokacin da injin wanki ya fara shiga kayan ɗakin amare a garuruwanmu, hukunci ɗaya ake yanke masa duk ranar da ya tsaya: kwayil ya ƙone. Sai a tura shi lungu, a koma wankin hannu. Abin yana damuna har yau, domin da yawa cikin injunan nan ƙaramar matsala ce ta tsayar da su.

Na maƙwabciyarmu mai baki biyu ne, na wanki da na matsa. Ranar da ya tsaya, da mai gyara ya zo, ta ce, "Malam, gurnani kawai yake yi, ba ya juyawa." Bai taɓa sukundireba ba tukuna. Ya kunna, ya kasa kunne, ya sa sanda ya ɗan tura faifan da ke ƙasan bahon, sai ga shi yana juyawa. Ya ce, "Hajiya, kwayil lafiya lau, kafasito ne." Kafasito shi ke ba injin ƙarfin tashi, idan ya mutu, sai gurnani. Ya zare filogi, ya buɗe baya, ga shi nan ya kumbura. Sai da ya sauke ragowar wutar da ke cikinsa kafin ya sa hannu, don yakan riƙe wuta ko an kashe injin. Da a ce injin na gudu faifan ne ya ƙi motsi, bel zai fara dubawa.

Na zamani masu sarrafa kansu ma faɗin ciwonsu suke yi da haruffa a allonsu. A injin LG, OE na nufin ruwa ya ƙi fita. Idan wanda ake zuba wa kaya ta gaba ne, akwai 'yar ƙofa a ƙasansa. A tara faranti, a murɗe murfin matatar da ke ciki, yawanci fil ɗin hijabi, maɓalli da curin zare ne suka toshe matatar. IE kuwa ruwa ne bai shiga ba, sau da yawa yashin burtsatse ne ya cika 'yar rariyar bakin tiyo, tsohon buroshin haƙori ya ishe ta. UE kaya ne suka taru gefe ɗaya.

Kwayil yana ƙonewa, ba shakka, musamman idan aka danƙara barguna alhali wuta ba ta cika ba. Amma wannan ba kasafai yake ɓuya ba, ƙauri ne zai cika ɗakin.