Karatu Aka Tura Ka ko Hawan Dutse?

Ranar da na aika gida hoton da aka ɗauke ni ina reto jikin igiya a gefen wani dutse a ƙasar Maroko, ba a yi awa guda ba kawuna ya kira ni daga Maraɗi. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba ya ce, "Kai yaro, karatu aka tura ka ko hawan dutse? Ka san halin da ka jefa mahaifiyarka?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu," na ja bakina, domin ba a musu da babba. Sai dai tambayar tana da nauyi, kuma na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ra'ayinsu ɗaya da nasa. Ga amsar da ban samu damar ba shi ba a ranar. A ganina, ɗalibin da ya je ƙasar waje, musamman mai nazarin harshe, in ya ƙare shekarunsa tsakanin ɗakin kwana da aji da kasuwa, ya baro rabin karatunsa a can. Amma irin wannan fita tana da sharuɗɗa, kuma ni kaina na saɓa wa ɗaya daga cikinsu.

Ina karatu a birnin Marakish ƴan ajinmu suka shirya tafiyar kwana uku zuwa tsaunin Tubkal, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Mota ta kai mu ƙauyen Imlil, wajen kilomita 65 daga birnin. Daga nan sai ƙafa. Mun yi kusan awa shida muna hawa kafin mu isa masaukin da aka gina a tsawon mita 3,207, muka kwana, muka tashi tun kafin asuba muka nufi ƙololuwa. Ni da na tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wanda jigawa ce abu mafi tsawo da na taɓa hawa, na sha wuya. A irin wannan tsawo, iskar da mutum ke shaƙa ba ta wuce kashi 60 cikin ɗari na wadda yake samu a bakin teku ba. Kaina ya riƙa sarawa, taku goma sai hutu. Jagoranmu, mutumin yankin, ya riƙa waiwayowa yana cewa *imik s imik*, wato kaɗan-kaɗan. Kalmomin farko ke nan da na koya cikin harshen Tashalhit, kuma har gobe ba zan manta da su ba, domin huhuna ne ya fassara mini su.

Tun muna shekarar farko a jami'a aka koya mana cewa Hausa da harsunan Amazig dangi ne, duka cikin babban gidan da Joseph Greenberg ya kira Afro-Asiya. Na haddace wannan, na rubuta shi a jarrabawa, na ci. Amma sai a kan hanyar Tubkal na ji dangantakar da kunnena. Masu alfadarai suna cewa *idda* ga namiji, *tdda* ga mace, wato "ya tafi" da "ta tafi". Wannan *t* ta jinsin mace ita ce dai tamu. Na ji ana kiran ruwa *aman*, ana godiya da *tanmmirt*, kusan yadda nake ji a bakin Abzinawanmu a kasuwar Tawa. Na ga allunan hanya da rubutun Tifinag, wanda Maroko ta zaɓa don rubuta harshen a 2003 kafin tsarin mulkin 2011 ya mai da shi harshen hukuma, rubutun da Abzinawan Nijar suka daɗe suna riƙe da shi.

Haka nan a darasin tsarin sauti mun karanta aikin François Dell da Mohamed Elmedlaoui, waɗanda suka nuna cewa a Tashalhit baƙi na iya zama cibiyar gaɓa, har a samu kalma irin *tkkststt*, "ka cire ta", babu wasali ko ɗaya. A aji mun yi dariya mun wuce. Da na gwada maimaita kalmomin masu alfadarai, sai harshena ya riƙa cusa wasali tsakanin baƙaƙe, kamar yadda kakanninmu suka yi har aka samu "burodi" da "fursuna". Su kuma suka riƙa dariya suna gyara mini. Ashe dokar gaɓar Hausa, wadda ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba, tana zaune a bakina ban sani ba.

Darasin da ya fi girma ya zo a rana ta uku, lokacin da aka kai mu wani dutse mai tsawon kamar mita 30 don koyon saukowa da igiya. Faransawa na kiran wannan *rappel*, daga aikatau mai ma'anar kirawo abu ya dawo, saboda ana ninka igiyar biyu ne a jikin maɗauri, in an gama sauka a ja gefe ɗaya ta dawo hannu. Ana danganta dabarar ga Jean Charlet-Straton, wani jagoran tsaunuka na Shamoni a Faransa, wanda ya hau tsaunin Petit Dru a 1879. Kayan aikin ba su da yawa: ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, hular kwano, wani ƙarfe da igiya ke ratsawa don ya rage gudunta, da ƴar siririyar igiya da ake naɗawa jikin babbar, wadda ke cijewa in hannun mutum ya kuɓuce.

Malamin bai bar kowa ya taɓa igiya ba sai da ya kwashe lokaci yana nanata mana ƴan kalmomi. In za a jefa igiya ƙasa, a yi ihu a ce *corde*. In mutum ya sauka ya kwance ƙarfensa, ya ce *libre*, sannan na gaba ya ɗaura nasa. In dutse ya ɓalle, a ce *caillou*. Na ji kamar ana raina mana wayo, ni da nake Faransanci tun firamare. Ina tsakiyar sauka, ƙafafuna na rawa, sai na ji an ƙwalla *caillou* daga sama. Na ɗaga kai in gani. Dutse kamar dunƙulen hannu ya daki gefen hulata ya wuce. Da ya sauko ƙasa kaɗan, da a fuska zai same ni.

Na san ma'anar kalmar a ƙamus, tsakuwa. Abin da ban kama ba shi ne aikinta a wurin: kada ka ɗaga kai, manne da dutse, bar hula ta kare ka. John Austin ya bayyana tun a littafinsa na 1962 cewa magana aiki ce, mai furta ta umarni yake yi ko gargaɗi ko alkawari. Na taɓa rubuta shafi huɗu a kan wannan. Sai da na ji ƙarar dutse a hulata na gane abin da na rubuta. Kuskuren sauti ma yana kisa. A 2015 a ƙasar Sifen wata yarinya ƴar Holan ta rasa ranta a wasan tsalle daga gada, bayan mai kula da su ya ce *no jump*, kada ki yi tsalle, ta ji kamar *now jump*, yi tsalle yanzu, alhali ba a gama ɗaure igiyarta ba. Bambancin wasali guda, irin wanda muke jerawa a allo muna hamma.

Yanzu in koma ga Kawu, domin hujjojinsa ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce haɗari. Gaskiya ne akwai shi, kuma addininmu ya hana mutum jefa kansa cikin halaka. Amma akwai rata tsakanin ganganci da abin da aka yi da ilimi. Masu koyar da wannan sana'a kullum suna jan kunne a kan sakacin ɗan Adam: mantawa da ƙulla ƙarshen igiya har mutum ya zarce ta, rashin duba ɗamarar abokin tafiya, taurin kai in hadari ya taso. Dukansu ana kauce musu da horo. Tun bayan kisan wasu mata biyu ƴan yawon buɗe ido kusa da Imlil a Disamban 2018, hukuma ta wajabta tafiya da jagora a hanyar Tubkal. Ɗalibin da ya sulale shi kaɗai, ko ya sayi igiya a kasuwa ya ce zai koya daga bidiyo, Kawu ya yi gaskiya a kansa.

Ta biyu ita ce kuɗi. Bursu ba ya isa ko ga abinci da haya, kowa ya sani. Ban ce a ci bashi don hawan dutse ba. Amma tafiyar ƙungiya, inda ake raba kuɗin mota da na jagora, ta fi sauƙi a kan sabuwar wayar da da yawa cikinmu ke tara wa kuɗi wata da watanni.

Ta uku ita ce amana, kuma a nan ne na faɗi. Ban nemi izini ba, ban ma sanar ba. Mahaifiyata ta fara ganin ɗanta a rataye ne a hoto, ba tare da wanda ya yi mata bayanin ɗamara ko jagora ba. Na nemi gafararta. Duk wanda zai fita, ya fara kiran gida ya yi bayani dalla-dalla. In sun hana, ya haƙura da igiya ya tsaya ga tafiyar ƙafa, domin ita ma makaranta ce.

Akwai kuma masu cewa wannan duk al'adar Nasara ce. Ina roƙonsu su je bakin rijiya ranar da ake yasa. Mutum ne ake ɗaura wa igiya a zura shi cikin duhu gaba da yawa, ransa na hannun waɗanda ke sama, kuma suna da kiraye-kirayensu na "saki" da "ja" da "tsaya". Mutanen Bagzan kuwa, inda ƙololuwar Nijar take a tsawon mita 2,022, hawan dutse shi ne hanyarsu ta zuwa gida. Sanin igiya da dutse muna da shi, rubuta shi ne ba mu yi ba. Ga aikin kundin kammala karatu yana jiran mai ɗauka: a zauna da masu haƙa rijiya na Gobir da Adar da Damagaram, a tattara sunayen ƙulle-ƙullensu da kayan aikinsu da kalmomin gargaɗinsu, tun kafin rijiyoyin burtsatse su tura sana'ar gefe. Ranar da za a koyar da saukowa da igiya da Hausa, ga ƴan kwana-kwana ko ma'aikatan ma'adinai, daga bakin waɗannan mutane ya kamata a ɗauko kalmomin.

Lokacin da girgizar ƙasa ta auka wa yankin Al Hawuz a daren 8 ga Satumban 2023, ta hallaka mutane kusan 3,000, na riga na dawo gida. Na kwana ina neman lambar jagoranmu. Sai rana ta uku ya ɗauka. Yana nan da rai shi da iyalinsa, bangon gidansu ne ya tsage. Da zai ajiye waya ya ce *tanmmirt*. Da a ɗaki na ƙare shekaruna, da sunayen ƙauyukan nan sun wuce ni kamar kowane labari na rediyo.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai shirin tafiya Maroko ko Aljeriya ko Turkiyya ko wata ƙasa, ka riƙe karatunka da kyau, shi ya kai ka. In hutu ya zo, ka nemi izinin gida, ka bi ƙungiya mai ƙwararren jagora, ka duba yanayin sama, ka sa hula, ka saurari kowace kalma ta malamin igiya ko da kana ganin ka san ta. Ka kuma tafi da ƙaramin littafi a aljihu. Nawa ya dawo da kalmomin Tashalhit shafi goma sha biyu. Da na nuna wa Kawu, ya jujjuya shi ya ce, "To, wannan dai karatu ne. Amma igiyar nan, kada ka sake sai ka gaya mini."